Abin da ya rage a bakin Baba

Ina da shekara goma sha ɗaya aka yi wa Baba canjin wurin aiki daga ƙasar Maradi zuwa Diffa. Ma'aikacin jinya ne, irin waɗanda ake ce wa majo, kuma da wannan sunan garin ya san shi har ya koma ga Ubangiji. Kwana biyu muka yi a hanya, ni da shi da Inna da ƙannena mata biyu, a bayan babbar mota tare da gadaje da tukwane. Muka sauka a wani gida mai ɗaki biyu da bishiyar dogon yaro a tsakar gida. Katangarmu ɗaya da wani dattijo Babarbare, manomin tattasai, wanda gonarsa ke can bakin kogin Komadugu.

Mu Kirista ne, kuma a garin ba mu da yawa. A ajinmu ni kaɗai ce. Ba wanda ya taɓa zagina saboda haka, sai dai tambayoyi: me ya sa ba na salla, ko muna azumi, ina muke fuskanta in za mu roƙi Allah. In an yi Babbar Salla maƙwabta su aiko mana da nama, in Kirsimeti ta zo Inna ta dafa shinkafa mu bi gida-gida da kwanoni. Haka muka zauna.

Majami'armu ɗaki ɗaya ne na laka mai rufin kwano, a gefen gari. Masu zuwa duk baƙi ne: malaman makaranta, sojoji kaɗan, ma'aikatan ofis da matansu. Wanda aka kawo bara, baɗi an ɗauke shi. Ba mu da fasto zaunanne, dattawa ne ke karɓa-karɓar wa'azi, Baba kuwa shi ke ɗaga waƙa. Yana da wani tsohon littafin waƙoƙi da Inna ta ɗinke bangonsa da zare. Yakan miƙe, ya faɗi lamba, sa'an nan ya ja waƙar a hankali kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Ba tafi, ba kiɗa. In an zo addu'a mutum ɗaya ke yi, saura mu sunkuyar da kai mu ce amin. Ni dai abin da na fi tunawa a shekarun farko shi ne zafin kwano a bisa kaina da yadda nake ƙidaya baitocin da suka rage.

Ina da shekara goma sha biyar wasu masu bi, wato Kirista, suka fara zuwa daga ƙetaren kogi, 'yan kasuwa daga Najeriya da suka zauna a garin. Babbarsu wata mace ce mai sayar da atamfa, gwauruwa, mai faɗin kafaɗa da babbar murya. Kowa Anti yake ce mata. Lahadi biyu suka zauna shiru a bencin baya. A ta uku suka zo da ganga da caki. Da Baba ya ja waƙa sai ganga ta shigo a ƙarƙashinta, ta tura ta gaba, mata suka fara tafi. Baba ya kai waƙar ƙarshe, ya rufe littafi, ya zauna.

Dattawa suka yi zama biyu a kan maganar. Daga ƙarshe aka ce a bar ganga a waje. Anti da mutanenta ba su yi faɗa ba, amma suka ce za su riƙa tasu sujada da yamma a gidanta. Na ji an ce maganar Baba ce ta rinjaya, sai na tare shi yana wanke hannu bayan abinci.

"Baba, ganga zunubi ce?"

"Ban ce ba."

"To me ya sa kuka hana?"

"Tambayata aka yi, na faɗi abin da ke raina. In ana buga ta ba na jin abin da nake faɗa wa Allah. Bakina na gaba, ni ina baya."

"Ni kuwa in babu ita barci nake ji."

Inna ta harare ni. Baba ya share hannunsa, ya dube ni na ɗan lokaci.

"Kin dai faɗi gaskiya," ya ce. "In kina so ki je wurinsu, ki je. Amma da safe ki zo namu, ki zauna kusa da uwarki."

Na je. Ba zan ɓoye ba, a ƙarƙashin rumfar Anti na fara jin cewa Allah yana kusa. Can kowa ke addu'arsa a lokaci ɗaya, da ƙarfi, wani da Hausa, wani da Turanci, wani da harshen garinsu. Ana kuka, ana rawa, ana ba da shaidar abin da Ubangiji ya yi wa mutum a cikin mako. Ni da na saba jin kunyar muryata, ranar farko da na buɗe baki a cikin wannan hayaniya ba wanda ya waiwaye ni, sai na faɗi duk abin da ke cikina. Na koma gida jikina sakayau. Shekara biyu ina haka, safe a can, yamma a nan. A hankali na fara makara a sujadar safe, daga baya na fara tsallake ta. In na dawo da yamma murya a dishe, sai Baba ya ce wa ƙanwata ta ba ni ruwa.

Wata safiya cikin bazara, ina da shekara goma sha bakwai, Baba ya sunkuya zai sa takalmi ya tafi aiki. Ina shara na ji wani abu ya faɗi. Na same shi a ƙasa, takalmi ɗaya a hannunsa na hagu, bakinsa ya karkace. Yana kallona, idonsa a buɗe sarai, amma abin da ke fitowa daga bakinsa ba magana ba ce. Inna ta leƙa katanga ta kira maƙwabcinmu. A amalankensa aka kai Baba likita. Abokan aikinsa suka yi iyakar ƙoƙarinsu, bayan mako biyu suka ce mu tafi da shi gida. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta tafi. Kalma ɗaya ta rage masa, ita ce "to". Da ita yake cewa i, da ita yake cewa a'a, da ita yake neman ruwa. Mu muka koyi rarrabe su.

Ni na je na kira Anti. Ban shawarci Inna ba. Na sha jin shaidar waɗanda aka yi wa addu'a suka tashi, kuma ban ga dalilin da zai sa Baba, wanda ya bauta wa Allah duk ransa, ya kasa tashi ba. Suka zo su bakwai da rana tsaka. Suka kewaye gadon, suka shafa masa mai a goshi, suka ɗaga murya har maƙwabta suka fito ƙofar gida. Ni ma ina ciki, na fi kowa ƙarfi. Wani daga cikinsu ya kama hannun Baba na dama yana umartarsa ya miƙe. Aka ɗaga shi zaune, aka sake shi, ya zame. Aka sake ɗaga shi. Sai na ga ya rufe ido, hawaye na bin gefen fuskarsa da ya shanye. Inna ta shiga tsakani, ta sa hannu a ƙirjinsa.

"Ya isa," ta ce. "Mun gode. Ku bar shi ya huta."

A ƙofar gida Anti ta riƙe ni. Gumi ya jiƙa mata riga, ita ma idonta ya yi ja.

"Kada ki karaya," ta ce. "Ubangiji ba ya kasawa. In abu bai faru ba, to akwai inda bangaskiya ta gaza a cikin gidan. Ki yi azumi kwana uku, ki bincika zuciyarki."

Na yi uku, na ƙara uku. Na bincika zuciyata, na kuma sami abin da nake nema: ni ce na bar shi yana ɗaga waƙa, wurina a benci babu kowa. Ni ce na ce masa sujadarsa barci take sa ni. Na roƙi gafara, na yi alkawura iri-iri. Kowace safiya in shiga ɗakinsa in duba hannun, hannun yana nan yadda yake, a naɗe bisa cikinsa. Bayan wata guda na daina zuwa gidan Anti. Majami'ar safe ma ban koma ba, na ce ni zan zauna da Baba Inna ta je. Na daina addu'a gaba ɗaya. In Inna ta tara mu kafin abinci nakan rufe ido kawai.

Aikin gidan ya koma kanmu ni da ita. Mu juya shi, mu wanke shi, mu ba shi kunu da cokali, mu fito da shi gindin dogon yaro in rana ta yi sanyi. A nan maƙwabcinmu yake samunsa. Tun ranar da aka dawo da Baba, dattijon nan bai fasa zuwa ba. Yakan dawo daga gona, ƙafafunsa da busasshen taɓo, ya yi sallama, ya ce, "Wushe, Majo," wato sannu da Barebarci, ya zauna a tabarma. Hausarsa ta kasuwa ce, ba ta da yawa. Wani lokaci ya ba Baba labarin ruwa, ko ya iso ko ya ja baya, ko injin ban ruwa ya lalace. Baba ya ce "to". Yawanci dai shiru suke yi. In la'asar ta yi ya ɗauki butar da Inna ta ajiye masa, ya yi alwala, ya koma kusurwar gida ya yi sallarsa, ya dawo ya zauna. Inna ta taɓa gaya mini cewa shekarar da muka zo, maciji ya sari matarsa a gona, Baba ya kwana uku yana zirga-zirga a kanta. Shi dattijon bai taɓa ambata wannan ba.

Wata rana na kawo masa ruwa, raina a ɓace, na tambaye shi abin da bai kamata yarinya ta tambayi babba ba.

"Kaka, in kun yi salla kuna roƙa masa?"

"Kullum, fero." Haka yake kirana, wato yarinya da harshensu.

"Kuna roƙo ya warke?"

"Sauƙi nake roƙa masa."

"Ai ba ɗaya ba ne."

"Ba ɗaya ba ne," ya ce. Ya sha ruwan, ya miƙo mini kwanon. "Irin sauƙin, ba ni ke zaɓa ba."

Amsar ba ta gamsar da ni ba. Na ga kamar ya kauce ne. Na ɗauki kwanon na shige ɗaki.

Wajen wata biyar da faɗuwar Baba, wata Lahadi bayan sujada, dattawan majami'a uku suka biyo Inna gida. Sun sha zuwa gaisuwa, amma ranar ɗayansu, wani malamin makaranta, ya zo da littafin waƙoƙi. Ya ce tun da Majo ya kwanta waƙa ta gagare su, kowa sai ya ja ta inda ya ga dama. Suka zauna, aka yi addu'a gajeriya, malamin ya fara wata tsohuwar waƙa da Baba yake yawan ɗagawa. Ya fara ta sama da yawa, muryarsa na rawa. Ina bakin murhu, bayana gare su. A tsakiyar baiti na farko na ji wata murya ta shigo daga ƙasa, ta ja waƙar ta sauko inda ya kamata. Na san muryar. Na juya.

Baba ne. Bakinsa a karkace, yawu na zuba, amma kalmomin suna fita ɗaya bayan ɗaya, cikakku, kowace a wurinta. Malamin ya tsaya don mamaki, Inna ta yi masa alama da hannu ya ci gaba. Baiti huɗu ne, Baba bai ɓata ko ɗaya ba. Da aka gama na durƙusa gabansa, na riƙe gwiwarsa.

"Baba, kun yi magana. Ku faɗi sunana."

Ya dube ni. Na ga yana nema, leɓɓansa suna motsi, jijiyar wuyansa ta tashi.

"To," ya ce.

Daga baya wani abokin aikinsa ya gaya mana cewa an san haka a wannan ciwo, wai waƙa da magana ba hanya ɗaya suke bi a cikin kai ba. Inna ta saurare shi har ya gama, ta ce ta gode, ita dai ta san wanda ya bar masa wannan hanyar a buɗe. Ni kuwa na roƙi a ta da shi, ba a ta da shi ba. Ban roƙi wannan ba, ga shi an ba da. Na kasa kiransa amsa, na kuma kasa cewa ba kome ba ne.

Tun daga ranar, waƙa ta zama hanyar da muke jin muryarsa. Ni ke zama da shi da hantsi, don haka ni ce na ɗauki littafin nan mai ɗinkakken bango. Sai na tarar rabin waƙoƙin ban san su ba sai amshi. In na kauce, Baba ya buga gefen gado da hannun hagu, ya sake ja daga farko. A haka na koye su, a bakin mutumin da ba ya iya neman ruwa da sunansa. A haka kuma na fara jin abin da ke cikinsu. Yawancinsu ba na murna ba ne. Mutanen da suka gaji ne suka yi su, masu jira, masu binne nasu. Ba addu'a nake yi ba a lokacin, koyon waƙa nake, amma kalmomin suna wucewa ta bakina kowace rana.

Labari ya kai wa Anti. Ta zo ita kaɗai wata Talata, ranar kasuwa, ta bar rumfarta a hannun wata. Ta gaishe da Inna, ta zauna nesa kaɗan tana jin mu. Da muka gama ta tashi ba tare da an ce mata ba, ta kwashe zannuwan gadon Baba da ke jiƙe a bokiti, ta wanke, ta shanya. Ta dawo mako na gaba, da na gaba. Tana da ƙarfi, ita kaɗai take ɗaga shi ta juya shi, abin da ni da Inna sai mun haɗu. Na daɗe ba na sakar mata fuska. Wata rana muna matse bargo, ita riƙe da gefe ɗaya ni da ɗaya, ta yi magana ba ta dube ni ba.

"Maganar da na gaya miki a ƙofa. Na ɗora miki kayan da ba naki ba."

Na ci gaba da matse gefena.

"Lokacin da mijina ya kwanta, haka aka gaya mini. Na yi azumi har na faɗi. Ya rasu. Shekara da shekaru ina ganin ni ce." Ta ƙara murɗa bargon. "Sai kuma na zo na gaya miki irinta. Ban san me ya sa ba."

"Har yanzu kina gaskata Allah yana warkarwa?"

"Ƙwarai. Na gani da idona. Zan kuma ci gaba da roƙa wa babanki, da ƙarfi, don ni haka na iya. Amma a gidana."

Ba ta canja sujadarta ba, gangarsu ta ci gaba da tashi kowace Lahadi da yamma. Wani lokaci in iska ta juyo muna jinta daga tsakar gidanmu. Na taɓa lura yatsun Baba na hagu suna bin ta a kan tabarma. Ko so yake yi, ko hannun ne kawai ya saba da bin kiɗa, ban sani ba, ba kuma yadda zan tambaye shi.

Shekara biyu da 'yan watanni ya yi a haka. Cikin sanyi ciwon ƙirji ya kama shi, ya yi kwana shida, ya cika da hantsi, Inna na riƙe da kansa. Lokacin tsinkar tattasai ne, duk wani mai hannu yana gona, amma maƙwabcinmu ya tsayar da aikinsa ranar. Shi da mutanen gidansa suka haƙa kabarin tare da sojojin majami'armu, a ɗan filin da aka ware wa Kirista. Da aka fara sujada suka ja gefe suka tsaya a rana har aka gama. Mutanen safe da mutanen yamma duk sun zo. Da aka zo waƙa dattawa suka dubi juna, malamin nan ya miƙo mini littafin. Na ɗaga ta. Muryata ta riƙe har baiti na uku, daga nan Anti ta karɓa.

Bayan kwana arba'in 'yan'uwan Baba suka aiko mu koma gida. Ba abin da zai riƙe mu a Diffa sai kabari. Muka ɗaure kaya. Matar maƙwabcinmu ta shigo ta zauna da Inna a tabarma, ɗaya ba ta jin Barebarci sosai, ɗaya ba ta jin Hausa sosai, suka riƙe hannun juna suna kuka. Dattijon ya raka mu har tasha. Ya ce wa Inna kada ta damu da kabarin, in ya je gona zai riƙa bi ta wurin. Ya dube ni ya ce, "Fero, ki riƙe uwarki."

Muna zaune a mota ana jiran ta cika, ƙannena sun jingina da kaya, Inna ta gyara lulluɓinta. A gidanmu ba a taɓa kama hanya ba tare da addu'a ba, kuma Baba ne kullum yake yi. Bayan ya kwanta ba mu je ko'ina ba.

"Yi mana addu'a," ta ce mini.

Ta san na daina. Ba ta taɓa yi mini maganar ba, amma ta sani. Na duba, motar cike da mutane, wani na cin rake, wata na lallashin jaririya. Na sunkuyar da kai. Ban san ko da ƙarfi zan yi ko a hankali ba, sai muryar ta fito daidai yadda mu huɗu za mu ji. Na ce ga mu za mu tafi, mun zo mu biyar za mu koma mu huɗu. Na ce akwai abin da ban gane ba, kuma har yanzu raina bai kwanta a kansa ba. Na roƙa a kai mu lafiya, a kuma duba waɗanda muka bari. Iyakar abin da na iya ke nan.

Inna ta ce amin. Direba ya ta da mota, muka fita ta hanyar yamma.